Tsuntsuwa tana kwanci a lemun tsaminmu ga hadari na tafe, in kafa mata laima ne?

Maman 'Yan Biyu, Sakaramento:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ta Amurka, musamman masu ɗan lambu a gida, ku ba ni shawara kafin daren Alhamis.

'Yar tsuntsuwar nan hamingbad, mai tsayawa cak a iska tana zuƙar ruwan fure, ita ce ta yi sheƙa a itacen lemun tsamin da ke daf da tagar kicin ɗinmu. Ɗaya daga cikin yaran ne ya fara lura. Ya ce mini, "Mama, kullum sai tsuntsun nan ya zo ya tsinci yanar gizo-gizo a jikin baranda." Da ma ina da niyyar sa tsintsiya in kakkaɓe yanar, sai na dakata na bi ta da ido. Ashe gini take yi. Ta ɗauko yana a baki, ta je ta naɗa a reshe, ta dawo da wani abu mai laushi irin na furen ciyawa, ta cusa, ta zauna a ciki tana juyawa tana dannawa da ƙirji. Daga baya ta riƙa liƙa gutsattsarin gansakuka a bayan sheƙar, har launinta ya saje da na reshen. Yanzu ko ni da na san wurin, in na ɗauke ido sai na sake nema.

Faɗin sheƙar duka bai kai santimita 5 ba. Daga tagar ɗakin yara a sama ana hango cikinta idan uwar ta tashi, kuma ƙwai biyu ne a ciki, farare, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba. Ita uwar bayanta kore ne mai ɗan ƙyalli, cikinta toka-toka, da ɗan ɗigon ja a maƙogwaro wanda sai rana ta haska ake ganinsa. Maƙwabciyarmu ta ce irin da ake kira Anna ce, wadda ke zama a nan jiharmu ta Kalifoniya duk shekara.

Abin da ya hana ni barci shi ne, hukumar hasashen yanayi ta ce akwai hadari babba da ke tasowa daga Tekun Fasifik, irin wanda suke kira kogin sama, ruwa na kwanaki da iska mai ƙarfi daga kudu. Wanda duk yake garin nan a Janairun 2023 ya san abin da nake tsoro, don mun ga manya-manyan itatuwa kwance a kan titi da kan motoci. To ina ga reshen da iskar yamma ma kaɗa shi take yi? Ƙari a kan haka, maigida ya yi wa itacen aski a watan Nuwamba, ya rage masa ganye sosai ta sama, ita kuma ba ta tashi zaɓar wuri ba sai ɓangaren da ya fi buɗewa. Ganye uku ko huɗu ne kawai a saman kanta.

Ina da babbar laima ta baranda. Tunanina in jawo ta kusa da itacen in kafa, in ɗaure ta da igiya. Maigida ya ce a'a, gara a ɗaure reshen da na kusa da shi don ya daina lilo. Yaran kuma cewa suke a yanko reshen gaba ɗaya a shigo da shi gareji har ruwa ya wuce, wannan kam na ce musu ko kusa. Wanne ya fi? Ko kuwa akwai abin da ya fi duka biyun? Sannan namijin fa, ina ganinsa da jan kansa a kan wayar lantarki yana ta ƙara, amma ko sau ɗaya bai taɓa leƙa sheƙar ba. Haka suke, ko wani abu ne ya faru?

Dattijon Tusan, Arizona:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki bar laimar nan a inda take, shi ma maigida ya ajiye igiyarsa. Kada garin neman gira a rasa ido.

Mu a nan kudancin Arizona muna da irin tsuntsayen nan fiye da kala goma, kuma ruwanmu na Yuli da Agusta ba ya sallama, lokaci guda gari zai yi baƙi, iska ta taso da ƙura, ruwa ya kece, wani lokaci har da ƙanƙara. Shekaru ina kallon sheƙunansu a itacen lemun da ke ƙofar ɗakina, kuma abin da na gani shi ne ruwa shi kaɗai da wuya ya kashe ƙwan da uwarsa ke kai. Ki dubi ginin da kyau. Sheƙar tana da zurfi, bakinta ya ɗan tsuke ta sama, to idan uwar ta zauna jikinta ne murfin. Gashinta kuma ba ya shan ruwa da sauƙi, don kullum tana shafe shi da man da ke fitowa daga gindin wutsiyarta. Yanar gizo-gizon da kika ga tana ɗiba ita ce igiyar ginin, tana da danƙo, tana miƙewa ba ta tsinkewa. Shi ya sa idan reshe ya yi lilo sheƙar ke bin sa, ba ta yin gardama da iska. In kuka ɗaure reshen da wani, kun haɗa abu biyu da iska za ta ja kowanne ta nasa ɓangaren, sai ku jawo fizgar da babu ita a da.

Laima kuwa ta fi komai haɗari. Iskar da kike tsoro laima za ta fara ɗauka, kuma in ta tashi da ita a kan itacen za ta jefa. Ko ba ta tashi ba, tsuntsuwar ta san kamannin wurinta ganye-ganye. Ta dawo ta tarar da wani ƙaton abu a kanta, tana iya tsayawa nesa tana kewaye tana shakka, ƙwai na shan sanyi a daidai lokacin da ya fi buƙatar ɗumi.

Akwai kuma wanda mutane ba sa kawowa a rai. Abokan gabar sheƙa idonsu na kan mutum. Hankaka, da shuɗin tsuntsun nan ɗan uwansa mai yawan surutu da ke cike da unguwanninku, da kurege, duk masu shan ƙwai ne, kuma suna da wayo. Idan suka ga ana yawan zuwa wuri ɗaya ana ɗaga kai, za su zo su duba abin da ke nan. A duwatsun Cirikawa da ke gabas da mu an yi wani bincike da ya fito a 2015, aka gano cewa hamingbad ɗin da suka yi sheƙa a kusa da sheƙar shaho sun fi fitar da 'ya'ya, saboda 'yan uwan shuɗɗan tsuntsayen nan da ke can ba sa son sauka ƙasa-ƙasa a inda shaho zai iya kawo musu farmaki daga sama. Shahon kuma bai damu da abin da bai kai loma ba. Kin ga ke nan damuwar uwar ta fi karkata ga masu ido fiye da ruwa. Ki ja wa yara kunne su yi kallonsu daga taga.

Namijin kuma lafiyarsa lau. Haka jinsin yake, ba ya gini, ba ya kwanci, ba ya ciyarwa. Tsaron furanninsa da neman wata macen ne aikinsa. Kada maza su ce na tona asiri.

Ma'aikaciyar jinya, Siyatil:

Yaya, maganar Baba gaskiya ce, ni ƙari kawai zan yi. Irin taki ɗin nan, Anna, a nan Siyatil take yin hunturu, har can Bankuba a Kanada, inda a 2017 suka zaɓe ta tsuntsuwar birninsu. A da iyakarta Kalifoniya da arewacin Baja ta Meziko, itatuwa masu fure da mutane suka dasa da kuma ruwan sukarin da ake rataya musu ne suka jawo ta arewa. Da idona na ga wata tana kwanci a ƙarshen hunturu, dusar ƙanƙara ta taru a gefen sheƙar, kuma ta fitar da 'ya'yanta. Ruwan Sakaramento ba zai ba ta mamaki ba.

In kina son ki yi wani abu, abinci za ki ba ta. Farin sukari awo 1, ruwa awo 4, ki dama har ya narke, in kin tafasa ki bari ya huce. Kada ki sa zuma, tana saurin lalacewa ta haifar musu da ciwo a harshe. Kada ki sa jan sukari, kada ki sa kala. Jan da ke jikin kwalbar da ake zuba musu ruwan a ciki ya isa ya kira ta. Ki rataye a ƙarƙashin rufin baranda inda ruwan sama ba zai tsarma shi ba, amma nesa da lemun tsamin, can wani ɓangaren gidan. In kika sa kusa, namijin nan na kan waya zai mayar da wurin nasa, ya yi ta korar kowa, faɗan kuma ya jawo ido kan sheƙar. Da hali ma ki rataya biyu, yadda wanda ke tsaron ɗaya ba zai hango ɗayar ba. Ki riƙa wanke kwalbar kina sabunta ruwan duk bayan 'yan kwanaki, da kin ga ya fara gurɓata kuwa ki zubar nan take.

Ɗalibar nazarin halittu, Barkeli:

Anti, bari in faɗi dalilin da ya sa shawarar abincin nan ta fi ta laima nauyi.

Tsuntsuwar nan nauyinta wajen giram 4 ne. Zafin jikinta yana kusa da digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan tana shawagi zuciyarta na iya bugawa fiye da sau 1,000 a minti ɗaya. Jiki ƙarami mai zafi haka yana ƙona abinci da sauri ƙwarai, shi ya sa a wuni takan sha ruwan furen da ya fi nauyin jikinta, kuma ba ta iya daɗewa ba ta ci ba. To hadari ta nan yake cutar da ita. Ruwa yana tsarma zaƙin fure, iska tana kakkaɓe furen, ƙananan ƙwarin da take kamawa suna ɓuya, ita kuma dole ta daɗe a kan ƙwai saboda sanyi. Buƙata ta ƙaru, abinci ya ragu, lokacin nema ya gajarta.

Tashi a cikin ruwa kam tana iyawa. A jami'armu ta Barkeli, Victor Ortega-Jimenez da Robert Dudley sun yi gwaji a kan irin wannan tsuntsuwar, sakamakon ya fito a 2011 da 2012. Sun ɗauki hotonsu da kyamara mai saurin gaske suna shan ruwan sukari ana yayyafa musu ruwa. A ruwa mai sauƙi kusan babu abin da ya canza. A mai ƙarfi sai su kwantar da jiki, su ƙara saurin bugun fiffike, su ci gaba da sha. Kuma suna girgiza kai da jiki su watsar da ruwan alhali suna cikin iska, ba sai sun sauka ba.

Da dare kuma suna da wata dabara. Idan abinci ya yi ƙaranci, hamingbad na shiga wani irin barci mai kama da suma, zafin jiki ya sauka sosai, bugun zuciya ya ragu, har mutum ya ɗauka ta mutu. A tsaunukan Andis na Peru an auna wata da zafin jikinta ya sauka ƙasa da digiri 4, rahoton ya fito a 2020, kuma da safe ta farfaɗo. Sai dai uwa mai kwanci ba ta cika yin haka ba, don in jikinta ya huce ƙwai ma ya huce. William Calder ya auna zafin sheƙunan wani irin hamingbad a tsaunukan Kolorado, abin da ya wallafa a 1973 ya nuna cewa uwayen na riƙe ɗuminsu har safe a mafi yawan darare, kuma 'yan lokutan da suka sake jiki suka huce sun biyo bayan ruwan da ya hana su kiwo da rana. Wato yunwar rana ce ke jawo sanyin dare. In ta samu inda za ta cika ciki cikin daƙiƙu kaɗan ta koma, musamman gab da magariba da kuma da asuba, kin yi mata abin da laima ba za ta yi ba.

Kwancin nata wajen kwana 16 ne, sanyi kan ɗan tsawaita shi. In lokaci ya ɗan gota kada ki ce ƙwan ya lalace.

Direban babbar mota, San Diyego:

Ni fa ban yarda a ce kullum a naɗe hannu ba. Tawa a kan wayar fitilun ado ta yi sheƙa, a bakin baranda, daidai inda indararon rufinmu ya tsage yake tsiyaya. Ruwan sama daban, ruwan indararo daban. Wannan zuba yake yi wuri ɗaya, babu gashin da zai tare shi. Na jira ta tashi kiwo, na hau tsani ta can gefe, na liƙe tsagar, na sauko. Ban taɓa wayar ba, ban kusanci sheƙar ba. Ta dawo ta zauna abinta, 'ya'ya biyu suka tashi lafiya. Don haka Hajiya ki fita ki duba tun ruwa bai zo ba. Akwai indararo ko bakin rufi da ke zuba a kan itacen? Akwai kujera, ko bokitin shara, ko ita laimar kanta, da iska za ta iya ɗauka ta maka wa reshen? Waɗannan namu ne, mu muka ajiye su, ba hikimar tsuntsu ba ce za ta gyara su. Ki naɗe laimar ki kwantar da ita a ƙasa.

Dattijon Tusan, Arizona:

Malam direba, ai ba mu saɓa ba. Kai rufinka ka gyara, ba sheƙarta ba.

Maman 'Yan Biyu, Sakaramento:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi shiru ne don ina so in ga ƙarshen abin kafin in dawo, sai ga shi na dawo da wata sabuwar damuwar.

Laima dai na naɗe ta na kai gareji, muka kwashe kujeru da tukwanen fure. Indararonmu ba ya zuba ta wajen, na duba. Na rataya kwalba biyu, ɗaya a baranda, ɗaya ta gefen gareji. Namijin ya kama ta baranda tun ranar, kamar da kuɗinsa aka saya, ita kuma ta gano ta garejin.

Daren da iskar ta fi tsanani na kashe fitilar kicin na tsaya a taga, hasken fitilar maƙwabta na ɗan faɗowa kan itacen. Wallahi reshen nan sama yake yi ya dawo ƙasa, ya tafi gefe, har na riƙa rufe ido. Ita kuwa ta nutse cikin sheƙar, ba a ganin komai sai wutsiya ta wannan gefe, baki ta wancan, ta ɗaga shi sama. Ruwa na taruwa ɗigo-ɗigo a bayanta yana gangarewa. In iska ta fizgo sai ta ƙara lafewa. Can cikin dare muka ji wani abu ya faɗi, ashe katangar katakon maƙwabtanmu ce ta kwanta. Na ce shi ke nan. Da asuba bayan na yi salla na koma taga, gari bai gama wayewa ba, ana ta ruwa, sai na ga wurin babu kowa, gabana ya faɗi. Kafin in kira maigida sai ga ta ta dawo daga wajen gareji, ta tsaya a iska, ta girgije, ta faɗa ciki. Tafiyar ba ta kai minti ɗaya ba. Haka ta yi ta yi har ruwan ya ɗauke.

Sheƙar ta jiƙe ta gefen kudu, ta yi duhu, bakin ya ɗan saki. Da rana ta fito sai ta koma aikin gini tana kwanci. Ta kawo yana, ta kawo abu mai laushi, ta zauna tana tattakawa da ƙafa, tana bin bakin sheƙar da haɓarta tana shafewa. Zuwa yamma ta ma fi da tsayi.

An ƙyanƙyashe duka biyun, ɗaya ya riga ɗaya. Ban taɓa ganin abu mara kyan gani da ya shiga raina haka ba: baƙaƙe, tsirara sai ɗan gashi layi biyu a baya, ido a rufe, baki gajere rawaya, ko kama da na uwar babu. Ranar da na fara ganin ciyarwa kuwa sai da na yi salati. Ta zura dogon bakin nan har cikin maƙogwaron ɗan, tana sama da ƙasa da shi, na ce yau za ta huda shi. Ya haɗiye ya sake buɗe baki.

Yanzu sun yi gashi, bakinsu ya fara tsawo ya yi duhu, sheƙar ta buɗe ta yi faɗi, su biyu sun cika ta fam. Damuwata ita ce uwar ta daina zama. Jiya da dare na duba ba ta kwana a kansu ba, shekaranjiya ma haka. Da rana in na leƙa ba na ganinta, su kuma sun yi tsit, baki a sama, ko motsi babu. Ga shi an ce wani ruwan na tafe ƙarshen mako, ko da yake bai kai na farko ba. Sannan kyanwar wasu maƙwabta ta fara zama a gindin itacen. Ta gudu ta bar su ne? In ɗauko su in riƙa ɗiga musu ruwan sukarin?

Ɗalibar nazarin halittu, Barkeli:

Anti, don Allah kada ki ɗauko su. Duk abin da kika lissafa alamar lafiya ce. Idan 'ya'yan suka kai wajen kwana 10 zuwa 12, gashi ya fito, suna iya riƙe ɗumin jikinsu, kuma wurin ma ba ya ɗaukar su uku, sai uwar ta koma kwana a wani reshe kusa. Shirun da suke yi kariya ce, ɗan da ke motsi da kuka shi hankaka ke gani. Ciyarwar kuma daƙiƙu ce, takan zo kamar sau biyu ko uku a awa, in kika juya kika ɗora tukunya ta zo ta tafi. Leƙe ba zai nuna miki ba. Ki samu kujera ki zauna a taga awa guda cur, ido a kan sheƙar, ba waya a hannu, ko ku yi karɓa-karɓa da yaran. Kusan tabbas za ki gan ta.

Alamar matsala daban ce: su yi ta kuka siriri ba ƙaƙƙautawa na tsawon lokaci, ko ki ga tururuwa sun hau sheƙar, ko ɗaya na rataye a gefe, ko awar nan ta cika har ta wuce uwar ba ta zo ba. A nan ma ba ke za ki raine su ba. Ruwan sukari zalla ba ya gina jiki, abin da uwar ke dura musu haɗe yake da ƙananan ƙwari da gizo-gizo, daga nan suke samun abin da ƙashi da gashi ke buƙata. Ɗan da aka riƙe a kan sukari kaɗai yakan nakasa ko ya mutu. Ga kuma doka. Dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta haɗa da hamingbad, ta hana riƙe tsuntsun, ko ƙwansa, ko sheƙar da ake amfani da ita ba tare da izini ba. Akwai masu jinyar namun daji da ke da lasisi, hukumar kula da kifi da namun daji ta Kalifoniya tana da jerin sunayensu gunduma-gunduma. Ki nemi lambar na kusa da ke tun yau ki ajiye, kada sai ruwa ya sauko ki fara nema.

In iska ta jefo ɗaya ƙasa kuma bai ji rauni ba, ki ɗauke shi a hankali ki mayar. Zancen cewa uwa na ƙin ɗan da hannun mutum ya taɓa ba gaskiya ba ne. Abu ɗaya, ƙafafunsu na riƙe abu da ƙarfi, in ya kama wani abu kada ki fizge, ki ɗago shi tare da abin. In sheƙar ce ta faɗo gaba ɗaya, ki sa su a wuri mai ɗumi ki kira masu lasisin, sau da yawa za su nuna miki yadda za a mayar da ita daidai inda take, don nan uwar za ta dawo nema.

Ruwan ƙarshen makon kuma, 'ya'ya masu gashi sun fi ƙwai da jarirai juriya. Za ki ga sun ɗaga baki sama sun matse juna, kuma in ya yi tsanani uwar kan dawo ta rufe su.

Dattijon Tusan, Arizona:

Madalla 'yata, kin ga abin da ido kaɗai ya samo miki. Kyanwar nan ce yanzu abin ji, ba hadari ba. Wajen mako uku bayan ƙyanƙyasa za su fara tsayawa a bakin sheƙa suna kaɗa fiffike suna riƙe da ƙafa, daga nan sai tashi. Tashin farko ba ya nisa, sukan sauka a ƙaramin reshe ko ma ƙasa, kuma uwar za ta ci gaba da ciyar da su a waje har mako guda ko fiye. A kwanakin nan ne kyanwa ke samun su. Ki je da kanki ki roƙi maƙwabtan su riƙe ta a ɗaki na ɗan lokaci, ki nuna musu hoton 'ya'yan a waya, ya fi dogon bayani aiki.

Kada a fesa maganin ƙwari a lambun, ƙwarin nan su ne abincin yaran. Yanar barandar ma a ƙyale ta tukuna, don irin wannan tsuntsuwar takan yi kwanci fiye da sau ɗaya a shekara, wata ma tana ciyar da na farko tana ginin sheƙa ta biyu, wani lokaci ta zo ta kwashi kayan tsohuwar. Saboda haka in sun tashi kada yara su ciro ta don ajiyewa.

Shi kuma maigida a daina ɗora masa laifin aski. Nuwamba lokaci ne mai kyau, don a wajenku Anna na fara gini tun Disamba, sauran tsuntsaye kuma su ɗauka har ƙarshen bazara. Ki ce masa almakashin ya huta sai Satumba, kuma ko a lokacin ya bi reshe-reshe da ido kafin ya yanke.